Ɗakin Nene da Ba Mu Goge Ba

Ku masu turo min saƙo kuna cewa in daina kuka, na gode, amma ni ba kuka nake yi ba. Da ma kukan zai zo, da na samu sauƙi. Abin da ke cina daban ne, kuma sai yau na iya buɗe baki in faɗa: na fara manta muryar yayana.

Ga wanda yau ne ya fara cin karo da ni, sunana Ilinca, ina aiki a wani kantin magani a nan Calafat, bakin kogi. Yayana Horia, wanda tun ina koyon magana nake ce wa Nene, direban babbar mota ne. Ya rasu a hanyarsa ta dawowa daga Jamus, a wata kwana da ruwan sama ya jiƙa, wayarsa ta niƙe tare da shi. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Gida ya rage daga ni sai Mama, sai ƙanwarta Tanti Floarea, wadda ta zo gaisuwar mutuwa da akwatunanta, har yau ba ta gane hanyar komawa ba.

Nene ya tsani saƙon murya. In na tura masa sai ya rubuto, "Rubuta, 'yar tsako, ba ni da lokacin sauraron numfashinki." Wayata cike take da rubutunsa, zagi da barkwanci da hotunan abincin gefen hanya, amma babu sautinsa ko na tari. A bidiyon bukukuwa kuwa kiɗa ya danne kowa. Fuskarsa ina ganinta duk inda na juya. Muryar ce ke zamewa. Ran nan a wurin aiki na rufe ido na ce bari in ji ya kira ni, sai muryar mai karanta labarai a rediyo ta zo min a madadinta. Na shiga bayan kanta na zauna a kan kwalin magani.

Amma Nene yana waƙa. Duk dawowar da zai yi, in ya ci ya ƙoshi, sai ya shige ɗaki da jitarsa ya turo ƙofa, ya yi ta rerawa yana naɗa a kwamfutarsa. Bai taɓa sa ko ɗaya a intanet ba, mu ma ta bango muke ji. In na ce ya kunna min sai ya ce, "Sai na gama gyarawa." Bai gama ba. Duk abin da ya rage na muryarsa a duniyar nan yana cikin wata baƙar laftof mai tsagaggen murfi.

Shi kuma ba manhajar kowa da kowa ya ɗora mata ba, ta masu taurin kai ya sa, Linux. Na tuna ranar da ya zaunar da ni dole wai sai ya koya min, ni kuwa ina fama da jan farce.

"Dubi nan," ya ce, ya nuna min wani dogon layi a allo, an yayyanka shi launi-launi. "Faifan ajiya fili ne. Rago ne ke gina ɗaki ɗaya ya zuba gado da tukwane da kaji a ciki. Ni huɗu na yanka. Wannan ɗan mitsitsin zaure ne, daga nan take farkawa. Wannan ɗakin manhaja. Wannan lungu ne, inda take sauke kaya in hannunta ya cika. Koren nan kuwa, babban, nawa ne."

"To sai me?"

"Sai me? Ko manhajar ta haukace, in rushe ɗakinta in sake gini, nawa yana nan ko ƙwarzane babu. Ga shi kuma a kulle. Ba kalmar sirri, ba shiga."

"Mece ce kalmar?"

"Busa farcenki."

Har wannan na gwada bayan rasuwarsa, kada ku yi dariya. Na gwada ranar haihuwarsa, tawa, ta Mama, lambar motarsa, sunan karenmu da ya mutu, sunan 'yar birnin Craiova ɗin nan da ta yaudare shi. Kwamfutar sai ta ɗan girgiza akwatin rubutun, ta sake miƙo min shi fanko. Ban fid da rai ba. Na ce ai tana hannuna, wata rana zan dace.

Sai arba'in ta matso.

Mama ta cika ɗakin baƙi da kayan sadaka: gado da katifa, bargo, tebur da kujera, kwat ɗinsa, takalmansa, faranti da cokali, kowanne da kyandir da ɗan tawul a ɗaure. Madubi na nan a lulluɓe tun ranar da aka kawo gawa. An riga an yi magana da Sandu, maƙwabcinmu mai aikin gonar kankana, shi zai karɓa, don tsayinsu ɗaya da Nene. Duk mun tashi mun ji cewa abin da aka miƙa a nan shi mamaci zai tarar a can, kuma ban taɓa musu ba. Sai da na dawo daga aiki ranar Litinin na tarar da Mama ta ɗauko laftof ɗin daga ƙarƙashin matashina tana goge ta da gefen baƙin ɗankwalinta.

"Mama, wannan ba ta cikin kayan."

"Tana ciki."

"Muryarsa ce fa a ciki!"

"Shi ya sa."

Ta zauna a bakin gadon sadakar. Matar nan ta rame har zoben aurenta yana yawo a yatsa.

"Ya zo min, uwata," ta ce. "Yana zaune a dakalin ƙofar gida da rigarsa ta aiki, jita a cinya. Yatsunsa na motsi, bakinsa na motsi, ba na jin komai. Ya dube ni ya nuna maƙoshinsa. Muryarsa na kulle a cikin wannan robar, shi yana can bebe. Za a share ta tas, abin da ke ciki ya tafi wurin mai shi, sannan a ba da ita fes."

"To a bar ni in kai a kwafe min a wani abin, sai a share."

"Ki riƙe rabi ki aika masa da rabi? Yayan naki za ki gutsura wa?"

"Mama, ni ce fa nake raye!"

Ban so na faɗa ba, amma ta fita. Ba ta mare ni ba, gara ma a ce ta mare ni. Ta tashi ta sa kwamfutar a kabad, ta murza makulli, ta jefa shi a aljihun rigarta. Ta ce babu wani abu nasa da zai taka waje kafin ranar.

Tanti Floarea, wadda kunnenta ke manne da kowace ƙofa a gidan nan, ta leƙo da hannu duk gari.

"To wa zai share? Ai ga Octav. Yaro mai hankali, ko sisi ba zai karɓa ba."

Bari in gaya muku waye Octav, don kun sha tambayata me ya sa nake ƙinsa. Yana da shagon gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa, ya ɗan haura talatin, yana da mota, ba ya shaye-shaye. Fararen takalma yake sawa, yana yawo da tishu a aljihu don goge su. Turarensa yana riga shi shiga ɗaki, ya kuma daɗe bai bi shi fita ba. Tun ranar jana'iza yake gidanmu, shi ne ɗaukar akwatin gawa, shi ne jera kujeru. Ba ni da laifin da zan nuna in ce ga shi. Kawai dai duk alherin da ya yi sai ya tsaya ya dube ni, ya tabbatar na gani. Na sha gaya masa a'a kan maganar aure, shi kuma sai ya yi murmushi ya ce yana da haƙuri.

"Ke 'yar nan, ba gobe aka ce ba," Tanti ke cewa kullum. "Sai shekara ta zagayo, an cire baƙin kayan makoki. Magana kawai za a ajiye. Gida ba namiji, rufi na yoyo, wa zai faskara muku itacen hunturu? Ke da kwalaben maganinki?"

Washegari da safe, ina bayan kanta, na haɗiye girman kaina na ɗauko waya.

"Octav, ina da roƙo."

Ko ajiye wayar ban yi ba amsa ta shigo.

"Ilincutsa da kanta! Faɗi, ko kogin ne in kwashe miki."

Na tsani wannan sunan na shagwaɓa da yake kirana da shi. Na yi masa bayani dalla-dalla yadda Nene ya nuna min, zaure, ɗakin manhaja, lungu, da kore.

"Aikin minti kaɗan ne da ma," ya rubuto. "Manhaja ɗaya za a ɗora, ɗaki ɗaya ya ishe ta. Maɓalli ɗaya zan danna ta share komai ta tsara kanta."

"Shi ne ba na so. A bar koren."

Ya yi ta rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan suna rawa.

"Zai yiwu. Sai in bi ta hannu. In rushe ukun farko, in sake yanka su, in matse sabuwar manhajar a ciki. Na huɗun in bar shi yadda yake, ba zan haɗa shi da komai ba. Wanda ya buɗe ba zai gan shi ba, zai ɗauka ƙaramar kwamfuta ce kawai."

"Sandu ba zai gane ba. Matarsa a wurina take karɓar maganin hawan jini, zan aro daga baya."

"Kin san me kike sa ni? Ƙarya ga mahaifiyarki, a kan mamaci."

"Na sani."

"Don ke zan yi. Ki tuna, don ke."

Da alamar jar zuciya a ƙarshe. Na karanta "ki tuna" ɗin nan har wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa kanta da sandarta tana tambaya ko mutuwa na yi a tsaye.

Ranar Alhamis da la'asar ya zo. Gida ya cika da ƙamshin koliva, dafaffiyar alkamar sadakar mamaci, da tsamin ganyen kabeji, Tanti na naɗe nama a ciki tana jerawa a babbar tukunya. Ya sa baƙar riga mai guga, da fararen takalman. Sai a ranar na lura ya bar gemu. Mazan gidan mamaci ne ba sa aski sai an yi arba'in, shi kuwa ko dangin nesa bai haɗa mu ba.

"Na sumbaci hannu, Tanti Veta," ya gaida Mama da sunanta yadda ake gaida manya a nan, ya rusuna ya sumbata ɗin da gaske. "Na sumbaci hannu, Tanti Floarea. Ilincutsa."

"Zauna, ɗana, zauna," in ji Tanti, tana share masa kujera da zanin gabanta. "Ilinca, kofi! Tsayuwar me kike yi kamar an dasa ki?"

Mama ta ciro makulli ta kawo kwamfutar, ta ajiye a teburin kicin, ta ja kujera dab da shi ta sa tabarau. Ni na tsaya a bayansu da faranti a hannu. Ya soka filashi ya kunna. Da ta tambayi yare, ina gani ya tsallake namu ya zaɓi Turanci, ko ƙiftawa bai yi ba.

"Me take cewa?" in ji Mama.

"Tambaya take ko mun shirya, Tanti."

Ba haka ta ce ba. Zaɓi ta bayar, na sama ya ce a share faifan gaba ɗaya, na ƙasa ya ce a tsara da hannu. Ya danna na ƙasa. Sai ga dogon layin nan ya bayyana, launi-launi, yadda Nene ya bar shi. Na ajiye masa kofin a gefen kwamfutar.

"Ga su nan," ya ce. "Yanzu za mu rushe su ɗaya bayan ɗaya."

Ya taɓa zauren, ya ɓace. Mama ta yi alamar gicciye. Ya taɓa ɗakin manhaja, ya ɓace. Lungun ma haka. Gefen hagu duk ya zama toka-toka, ya shiga yanka sababbi: ɗan ƙarami na farkawa, ɗan lungu, sauran duka na manhaja. Yana yi yana lissafi a fili, wai nan ya yi kaɗan, bari ya rage lungun ya ƙara wa ɗakin, in ba haka ba gobe a ce wuri ya cika. Koren yana nan a dama, ya cinye fiye da rabin layin.

Mama ta sa yatsa a kan allon.

"Wannan koren fa?"

Na dubi Octav.

"Wannan fili ne, Tanti, babu komai a ciki," ya ce, muryarsa a sake kamar mai faɗin farashin caja. "Dole a bar wa na'ura inda za ta sha iska. In aka cike ko'ina sai ta yi zafi ta ƙone a hannun mutum."

"Kin ji ilimi ko," in ji Tanti daga bakin murhu.

"Ni dai ka tabbatar min babu abin da ya rage nasa," Mama ta ce.

Ya juyo ya dube ta ido cikin ido, ya dafa ƙirji.

"Tanti Veta, ni zan cuci Horia?"

Ni na roƙe shi ya yi ƙaryar, ban manta ba. Amma ban zaci za ta fito masa sumul haka ba, ko tuntuɓe babu. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa ina tunanin sau nawa ya taɓa yi min magana da wannan muryar.

Sai ya yi abin da har in mutu ba zan manta ba. A gefen kowane ɗaki akwai ɗan akwati, in aka sa masa alama to an ce a share ɗakin ke nan. Ya ja kibiyar a hankali ya kai kan na koren. Ya danna. Alamar ta fito. Ya ɗago kai ya dube ni ta saman kan Mama, ya ɗaga gira ɗaya, hannunsa na kan maɓallin ci gaba. Ban san me fuskata ta nuna ba. Na san dai bakina ya motsa, na ce "don Allah" ba tare da sauti ba. Ya yi murmushi, ya sake dannawa, alamar ta ɓace.

"Hannuna ne ya zame," ya ce. "Kofin nan naki da ƙarfi, Ilincutsa."

Tanti ta ƙyalƙyale da dariya.

Kwamfutar ta fito da gargaɗi, ta jero ɗakunan da za ta share. Na karanta da ɗan Turancina, na sake karantawa. Na huɗu ba ya ciki. Ya danna, wani siririn layi ya fara tafiya. Mama ta ɗora tafin hannunta a kan murfin, hawaye na bin kuncinta.

"Tafi da kayanka, ɗana," ta ce a hankali. "Tafi ka yi waƙarka."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na samu abin da nake so, kuma ban taɓa jin na tsani kaina kamar a lokacin ba.

Da ta nemi sunan mai ita, Octav ya ce, "Sunan wa zan sa? Sandu?"

"Sa naka dai," in ji Mama, tana share ido.

Na ɗauka nufinta kafin a canza. Wauta ta hana ni tambaya.

Ranar Asabar muka yi coci, muka wuce maƙabarta. Na sa baƙar rigar da ta fara koɗewa a kafaɗa saboda wanki. Fada, limamin cocin, ya yi addu'a, muka kama farantin koliva muna ɗagawa muna saukewa ana rera waƙar tunawa, aka zuba ruwan inabi a kan kabarin. Kowa na rerawa, ni ina ta laluben muryar Nene a cikin muryoyin maza, ban same ta ba.

Da muka dawo an fito da gadon tsakar gida, an shimfiɗa bargo. Sandu ya zauna a kai sanye da kwat ɗin Nene, hannun rigar ya ɗan yi masa tsawo, sai sunkuyar da kai yake. Mama na miƙa masa kaya ɗaya-ɗaya da kyandir a kunne.

"Don ran Horia."

"Allah ya karɓa, ya kai masa."

Takalma, faranti, cokali. Daga ƙarshe ta ɗauko laftof ɗin, an naɗe ta a sabon tawul. Na dubi matar Sandu, har na fara shirya abin da zan ce mata ranar Litinin. Sai Mama ta wuce gadon. Ta ratsa mutane ta tsaya a gaban Octav.

"Don ran Horia."

Ko shi bai yi tsammani ba, na ga haka a fuskarsa. Amma nan da nan ya gyara tsayuwa, ya miƙa hannu biyu.

"Allah ya karɓa, ya kai masa."

"Mama!" na ce, na riƙo hannunta. "Ba Sandu aka ce ba?"

"Sandu kafin yamma ya sayar da ita," ta ce, ba ta ko rage murya ba. "Sadaka sai wanda zai yi amfani da ita. In yana taɓa ta a nan, shi ma yana taɓawa a can."

Tanti Floarea ta matso ta mintsine ni a ƙugu. "Ai duk gida ne, in Allah ya so."

Abin da aka miƙa da kyandir ba a cewa a dawo da shi, ko yaro ya san wannan. Ina tsaye ya kai ta mota, ya kwantar da ita a kujerar gaba, har da ɗaura mata bel.

Bayan an ci an watse, ni da Mama muka zauna wankin tukwane a bakin famfo. Ta cire lulluɓin madubi tun da rana, fuskarta ta saki, rabon da in gan ta haka tun kafin a kira mu a waya. Har wani ɗan sauti take yi a maƙoshi, ɗaya daga cikin waƙoƙin da muke ji ta bango.

"Kin ji haushina," ta ce.

Na ci gaba da kankare ƙanzo.

"Kina tsammani ni ban so in ji shi ba? Ni da na haife shi? Kullum sai na tsaya a gaban kabad ɗin nan da makulli a hannu. Da na buɗe sau ɗaya, na san ba zan iya bayarwa ba."

Na ɗago. "Ki buɗe da me? Ai a kulle take."

"Ya gaya min kalmar tun bara. Ya ce hanya ba ta da tabbas. Ya sa na yi ta maimaitawa har ta zauna."

Soson ƙarfen ya suɓuce daga hannuna ya faɗa ruwa.

"Kina kallo ina ta gwadawa? Kina jina?"

"Ina jinki."

"Mece ce? Mama, mece ce kalmar?"

Ta dube ni da tausayi, ta sa jiƙaƙƙen hannunta ta gyara min ɗankwali.

"Me za ki yi da makullin ɗakin da aka riga aka rushe, uwata? Bar min ita. Ita kaɗai ya bar min ni kaɗai."

Na buɗe baki. Na rantse muku saura kaɗan in faɗa, in ce ba a rushe ba, yana nan, ni na sa aka yi miki ƙarya a kan ɗanki. Sai na dubi fuskar nan da ta samu salama yau ɗaya tak, na rufe bakina. Wayata ta yi motsi a aljihu. Na shiga bayan gida na duba.

Hoto ne. Dogon layin nan, koren a dama, yatsan Octav a kansa.

"Ɗakin na nan lafiya, ina gadinsa. Amma wuri ya yi min kaɗan a kwamfutar, kin san matse ta na yi. Ban san iya yaushe zan jure ba."

Wani ya biyo baya.

"Wasa nake, Ilincutsa. Mamata na son ta zo gidanku Lahadi ta sama, a ajiye magana. Me zan ce mata?"

Na mayar da wayar aljihu. Ɗakin na hannunsa, makullin na bakin Mama. Shi sai na ba shi kaina, ita sai na karya mata zuciya, kuma ɗaya ba ya amfani sai da ɗayan. Kafin ku fara rubuto min cewa in yi kaza in yi kaza, ku fara rufe ido ku kira muryar wanda kuka fi so, ku ji in ta zo.

Yau Lahadi da safe na fito na tarar da Mama a kicin, ba ta kunna murhu ba. Tana zaune a kujerar da ta zauna ranar Alhamis, hannuwanta a kan tebur. Madubin da ke zaure an sake lulluɓe shi.

"Ya dawo," ta ce, ba ta dube ni ba. "A dakalin. Da jitar. Bakinsa na motsi."

Wayata ta fara motsi a aljihu.

"Har yanzu ba na jin komai." Ta ɗago ta kafa min ido. "Ilinca, ke kin iya Turanci, kina tsaye a wurin. Yaron nan duka ya goge?"